Kwatar Kicin ɗin Inna Asabe

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar Larabar da na tsuguna a bakin wani ɗan rafi a Manchester, ƙafafuna cikin rambut, dogayen takalman robar nan na shiga ruwa, ina roƙon Allah kada ruwan ya koma kore. Yaranmu masu shigowa aikin yanzu, waɗanda kan zo wurina a Balsall Heath, nan Birmingham, neman shawara, sun gaji da jin ina cewa kada a rubuta sunan kowa a rahoto sai an zuba rini an gani da ido. Na san wasunsu a ransu cewa suke tsufa ya fara taɓa Baba Yakubu. To, ga inda maganar ta samo asali.

A lokacin ni jami'in lafiyar muhalli ne a wata ƙaramar hukuma ta yankin Manchester. Da a gida ne, duba-gari za a ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba. Mu ke leƙa kicin ɗin masu sayar da abinci, mu ake kira in ɓera ya addabi layi ko kwata ta yi wari. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Sashen da na tarar cike da jama'a aka yi ta zaftare shi, wannan a sallame shi, wancan ya yi ritaya a ƙi ɗaukar wani, har ɓangaren magudanan ruwa ya rage daga ni sai shugabata, Madam Pauline. Ɗakin gwajinmu ma an rufe shi. In na ɗebo ruwa a kwalba sai an aika da shi Birmingham, ni kuma in zauna jiran takarda.

Dole in ɗan yi bayani kan magudanan ƙasar nan, don wanda bai gane su ba ba zai gane labarin ba. A unguwanni da yawa hanya biyu ce a ƙarƙashin ƙasa. Ta farko tana kwasar ruwan banɗaki da na kicin, ta kai shi matata a tace. Ta biyu ta ruwan sama ce kawai. Ragar ƙarfen nan da kuke gani a gefen titi ko a tsakar gida, duk abin da ya shiga cikinta ba ya biyawa ta ko'ina, kai tsaye rafi yake faɗawa. Da ido ba a bambance su. Baturen da aka haifa a nan ma, in ka tambaye shi, sau da yawa bai sani ba.

Rafin da nake magana ƙarami ne, mai ƙafa zai iya tsallake shi. Ta bayan tsofaffin sito-siton Cheetham Hill yake bi ya faɗa kogin Irk, shi kuma ya miƙa wa na gaba, har ruwan ya isa Mersey. Can wajen Liverpool kogin ke bajewa ya haɗu da ruwan gishiri, in teku ta janye sai ka ga tsuntsaye fal suna kiwo a kan laka.

A ɗaya daga cikin sito-siton nan ƙungiyar mutanenmu na gida ta kama haya ta mai da shi zauren taro. Musulmi su yi suna da walima, Kiristocinmu na Jos da Kafanchan su yi bikin godiya ranar Lahadi. Kicin kuwa ɗaya ne, mai kicin ma ɗaya ce: Inna Asabe. 'Yar Yawuri ce, ɗiyar masunta. Ɗanta likita ta biyo, ta ga zaman ɗaki zai kashe ta da ranta, ta nemi tukunya. Ina ɗalibi a Fallowfield, ina fama da burodi da waken gwangwani, ta gan ni a wani suna ina loma kamar za a ƙwace kwanon. Ta ce, "Wannan yaron ai yunwa ce ke karatun, ba shi ba." Daga ranar, duk Asabar sai na hau bas na je na karɓo kwanona. Shekara uku ana haka. Ranar aurena ma ita ta zauna a mazaunin uwa.

Da rayuwa ta yi tsanani aka fara yanke wa mutane tallafi, sai Inna ta buɗe girkin Laraba. Kowa ya zo ya ci, ba a tambayar daga ina kake. Tsofaffin Turawa, 'yan Somaliya, mata masu goyo, layi har waje. Na san mutanen da in ba ranar Laraba ba, sai su yi mako ba su ga abinci mai tururi ba.

Likita ya sa Inna ta riƙa 'yar tafiya saboda gwiwa, a bakin rafin nan take yi. A can ta haɗu da Mista Derek, tsohon direban bas mai kamun kifi da fatsa. Da faɗa suka fara. Ta ga ya kama kifi, ya auna, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Ta zo mini da ƙorafi: "Yakubu, wannan bawan Allah lafiyarsa ƙalau kuwa? A kama rabo a sake shi?" Daga baya ta naɗa shi Sarkin Ruwa. Shi kuma ya riƙa ba ta labarin yadda rafin yake baƙi ƙirin yana yaro, da irin murnar da suka yi da kifi ya dawo. Shi ya sa ƙungiyarmu ta fara ɗaukar bas kowace shekara zuwa bakin Mersey. Inna takan daɗe tsaye tana kallon tsuntsayen, ta ce wurin na tuna mata da kogin Kwara in ruwa ya ja baya.

A ƙarshen zafin wata shekara rafin ya lalace. Wani farin kitse ya kwanta a kan duwatsu, ƙasan ruwa ya yi yauƙi, wari ya hana zama, ƙananan kifi suka fara juya ciki sama. Unguwa ta ɗauki zafi. Derek da Inna ne suka ja gaba, gida-gida suna karɓar sa hannu a takardar koke. Ba a daɗe ba kuma aka sami wanda za a ɗora wa laifin: Azad, wani Bakurde mai wurin wankin mota a saman layin. Kowa na ganin kumfa a wurinsa, to shi ke nan, shari'a ta ƙare. Mutane suka daina kai masa mota.

A taron farko da aka yi a zaurenmu, ni ofis ya turo. Inna ta miƙe ta ce in fassara mata.

"A garinmu," in ji ta, "wanda ya daka magimfa ya zuba wa ruwa don kifi ya bugu, ba a kai shi gaban alƙali. Daina cin abinci da shi ake yi. Ya ɗauki kwanonsa ya koma gefe shi kaɗai. Faɗa musu haka, Yakubu."

Na faɗa musu, aka yi ta tafi. Aka sa taro na biyu bayan mako uku, ranar Asabar. Kansilan unguwa zai zo, ni kuma in kawo sakamakon bincike.

Da Azad na fara. Yadda ake yi shi ne, akwai wani garin rini kore da ba ya cutar da komai. Ka zuba shi a kwatar da kake zargi, ka bi shi da ruwa, ka je bakin bututun da ke zuba a rafi ka jira. Sau biyu na zuba a wurinsa, a ranaku daban-daban, ko ɗigo bai fito ba. Ruwansa matata yake tafiya, takardunsa cif. Ya biyo ni har mota yana tambaya ko zan faɗa wa jama'a. Na ce ya yi haƙuri sai na gama. Ya ce haƙurin ne ke neman ƙarewa, ya riga ya sallami ma'aikata biyu.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Derek ne ya ba ni bakin zaren bai sani ba. Yana da ɗan littafin da yake rubuta yanayin rafin kullum, na karɓa na duba. Kitsen ya fi yawa safiyar Alhamis da safiyar Litinin. Wato wani abu na faruwa ranar Laraba da ƙarshen mako. Girkin Laraba ya faɗo mini a rai, na kori tunanin. Sai ga takardar Birmingham: man girki, kitsen dabba, sitaci, sabulu. Babu man inji ko kaɗan. Na ɗauki ƙugiyata na fara ɗaga murafan magudana ɗaya bayan ɗaya, daga bakin rafi ina hawa sama, ina bin sawun kitse. A lungun bayan zaurenmu, ina ɗaga murfi hancina ya gama aikin da takarda ta fara. Daddawa ce. Ga manja ya daskare a gefe ja wur, ga ƙwayoyin shinkafa. Na mayar da murfin a hankali, kamar wani zai ji.

Ranar Laraba da sassafe, kafin mata su iso, na zuba rini a ragar da ke tsakar gidan zauren, na bi shi da bokiti biyu na ruwa, na gangara rafi na tsuguna. Nan ne na yi addu'ar da na faɗa muku. Ko minti goma ba a yi ba bututun ya fara aman kore shar.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin rufa-rufa. Na ce a raina, in je in raɗa wa matan su daina, ranar Asabar kuma in ce ba a gano tushen abin ba. Rafi zai warke, kicin zai tsira, mutuncin Inna zai tsira. Wa ya rage? Azad, wanda zai ci gaba da yawo da laifin da bai yi ba. Na daɗe a mota ban tayar ba. Sannan na nufi ofis.

Ƙa'ida ta ce in kana da dangantaka da wanda kake bincike, dole ka faɗa a cire ka. Na faɗa wa Madam Pauline komai, har da kwanon Asabar. Ta cire tabarau ta dubi kujerun da ba kowa a kansu, ta ce, "To, wacce daga cikin kujerun nan zan aika a madadinka?" Mace ce mai kaifin baki, amma ba ta da mugunta.

Ta shimfiɗa mini hanya biyu. Ta farko, takardar gargaɗi ta hukuma, wadda doka ta ce mai ginin ake aika wa. Ita ce mai sauƙi, rubutu ɗaya an gama. Amma ni na san mai ginin ya daɗe yana neman dalilin da zai tashe mu ya yanka wurin ɗakunan haya, kuma yarjejeniyarmu ta ba shi wannan dama in hukuma ta rubuto. Takardar nan na fita, girkin Laraba ya mutu. Ta biyu, a gyara cikin lalama: mai kicin ta amsa laifi a rubuce, a daina nan take, a yi gyara cikin mako biyu, ita Madam Pauline da kanta ta je ta duba, ba ni ba.

"Amma ka ji sharaɗina," in ji ta. "Ranar Asabar za a wanke mai wankin motar nan a gaban kowa. In kuma masu koke suka dage sai an hukunta, kansila zai matsa mini, ni kuma ba ni da ƙarfin ja da shi a shekarar nan. Zan sa hannu a takardar."

Na isa zauren da la'asar, an gama rabon abinci. A tsakar gida na gane wa idona abin. Mata huɗu sun fito da manyan tukwanen nan da yaro zai iya ɓuya a ciki, suna wankewa, suna tuntsurar da ruwan a kan ragar. Inna na zaune a kujera da sandarta tana ba da umarni.

"Ga ɗan council! Ka makara, sai ƙanzo. A zubo masa."

"Inna, ba abinci ya kawo ni ba. Tambaya gare ni. Me ya sa ba a wanke tukwanen nan a sink, wurin wanke-wanken cikin kicin?"

"Kai ma dai. Wace tukunyar ce za ta shiga wannan ɗan kwanon? Kuma ko da za ta shiga, na hana. Ranar da plumber, mai gyaran famfon nan, ya zo, ya nuna mini pipe ɗin kicin da na toilet a ƙasa haɗuwa suke yi. Na ce innalillahi! Shinkafar da aka yi wa bismillah ita za ta bi hanya ɗaya da najasa? A gidan ubana ko ƙwaya ɗaya ce ta faɗi, tsince ta ake yi. Shi ne na ce a riƙa fitowa nan, a zuba inda ruwan Allah ke bi."

Wallahi da ta ce mini ƙiwa ce ko ganganci, da abin ya fi mini sauƙi. Na tsuguna a gabanta na rage murya.

"Inna, ruwan Allahn nan, kin san ina yake zuwa?"

Na yi mata bayanin hanya biyun, na faɗa mata sakamakon Birmingham, na ce Azad ba shi da laifi. Matan suka tsaya cak da soso a hannu. Fuskar Inna ta canza.

"Yakubu. Ni za ka duba ka ce na zuba wa ruwa guba? Ni ɗiyar masunta? Da hannun nan na ciyar da kai."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Na zaro kwalbar rini daga jaka na miƙa mata.

"Gani ya kori ji, Inna. Ki zuba da hannunki. In bai fito a rafi ba, gobe in ajiye musu aikinsu."

Ta fizge kwalbar ta juye ta duka, abin da cokali biyu ya isa. Aka bi shi da ruwa. Muka kama hanyar rafi, ita da sandarta a gaba, ni a baya. Na miƙa hannu zan taimaka mata a gangaren, ta ture shi.

Rinin ya riga mu. Saboda yawan da ta zuba, rafin gaba ɗaya ya koma kore, yana gangarawa a hankali ta kan duwatsun da take zama ita da Derek. Inna ta tsaya ta zuba masa ido. Sai ta lallaɓa ta zauna a kan dutse. Ban taɓa ganin ta tsufa ba sai ranar.

"Har can wurin tsuntsayen yake zuwa?"

"Har can, Inna. Ba mu kaɗai ba ne, garin nan kowa na da nasa kason a cikin kogin. Amma wannan bututun namu ne."

Da gangan na ce namu. Ai ni ma na ci daga tukwanen.

"Ina tsare mutuncin shinkafa," in ji ta, "ashe ina kashe kifin Sarkin Ruwa. Kuma na ɗauki alhakin bawan Allah na ɗora a kaina." Ta share ido da gefen mayafi. "Za su rufe mini kicin?"

Na faɗa mata yadda muka yi da Madam Pauline, ban rage komai ba. Na ƙara da cewa ranar Asabar ba sai ta yi magana ba. Zan ce wani kicin ne a unguwar, an gano shi, ana gyara. Ba sai an kama suna ba.

"A'a. Da bakina na ɓata shi, da bakina zan wanke shi. Tashe ni."

Wannan karon ta ba ni hannun.

Ranar Asabar zauren ya cika maƙil. Kansila na gaba, Madam Pauline na gefe da jakarta, kuma na san takardar na ciki, sa hannu kawai take jira. Azad ya zo shi kaɗai ya zauna can baya, ya rungume takardunsa, kujerun da ke kusa da shi ba kowa. Na miƙe na yi bayanin hanya biyun magudana, na ce an gwada wurin wankin mota sau biyu, ba shi da hannu. Zauren ya ɗauki gunaguni. Wani ya ɗaga murya ya ce, to wane ne?

Inna ta dogara sandarta ta miƙe.

"Yakubu, fassara. Kada ka rage, kada ka sa sukari."

Ta ce ita ce. Ta ba su labarin mai gyaran famfo da shinkafa da ruwan Allah. Ta ce matan da ke taya ta ba su da laifi, umarninta suka bi. Ta juya ta fuskanci bayan zauren ta ce, "Kai kuma ɗana mai wankin mota, na ci amanar maƙwabtaka. Na hana ka abincinka da bakina. Ka yafe mini don Allah." Ta ce in hukuma za ta hukunta, ita za a hukunta, a bar tukunyar Laraba, don masu cinta ba su zuba wa kowa komai ba. Na fassara duka, ban rage komai ba. A duk shekarun aikina ban taɓa karanta rahoto mai nauyin wannan ba.

Derek ya sunkuyar da kai, fuskarsa ta yi ja. Kansila ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ce a ɗan huta a ci abinci, sannan a dawo a yanke shawara.

Aka buɗe kuloli, dafa-duka ce da kaza. Mutane suka shiga layi a sanyaye. Inna, wadda kullum ita ke riƙe da ludayi a kan babban teburi, ta zuba ɗan kaɗan a faranti, ta ja kujera da kanta har bakin ƙofa, ta zauna ta juya wa jama'a baya. Mu Hausawa muka gane nan take. Hukuncin garinsu ta yanke wa kanta. Ɗanta likita ya yunƙura zai je, ta ɗaga masa hannu ba ta ko waiwayo ba, ya koma ya zauna.

Derek ya matso kusa da ni ya tambaya me take yi a can. Na tuna masa maganarta ta taron farko, wadda shi ma ya tafa mata. Ban lura Azad na tsaye a bayanmu da farantinsa ba. Bai halarci taron farko ba, sai ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce su ma a ƙauyensu akwai irin wannan, kuma wanda aka cuta ne kaɗai ke iya karya ta.

Ya ajiye takardunsa a kan teburi, ya ɗauki kujera da hannu ɗaya, faranti da ɗaya, ya ratsa zauren kowa na kallo. Ya zauna kusa da ita. Ya sa cokalinsa a farantinta ya ɗebi loma ya ci. Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Sai ga Derek ya ja tasa kujerar. Kafin ka ce kwabo teburin gaba ya zama kango, taro ya koma bakin ƙofa, har iska ta rasa hanyar shiga.

Da aka dawo zama, Derek ya miƙe ya ce shi ya rubuta koken, kuma rafi mai tsabta ya nema, ba kan kowa ba. Ba wanda ya nemi a hukunta. Na saci kallon Madam Pauline, na ga ta zuge jakarta.

Cikin mako biyun aka yi gyaran. Wani mai aikin famfo daga cocin 'yan Kafanchan ya sa babban wurin wanke-wanke da akwatin da ke tare mai. Ragowar abinci aka riƙa kankare shi a bokiti, ana kwasa a yi taki. Wannan ne ya kwantar wa Inna da hankali, ta ce ƙasa ta bayar, ƙasa ta karɓa. Man suya a jarka, ruwan sabulu kaɗai ke bin bututu. Madam Pauline ta zo ta duba, ta sa hannu, ta tafi da kwanon waina. Rafin bai warke rana ɗaya ba, sai da ruwan sama ya yi ta wanke shi wata da watanni. Azad ma ba duka masu motocinsa suka dawo ba, ko da yake Inna ta kafa doka: duk ɗan ƙungiya da ta ga motarsa da datti, ba shi ba nama.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya riƙe ni har na dawo Birmingham, har na kusa ajiye aiki. Jama'a in rafinsu ya yi ciwo da gaske suke jin zafin, kuma zafin ne ke sa su damƙe na kusa wanda ba shi da mai tsaya masa. Aikinmu ne mu tsaya tsakaninsu da wannan gaggawa, da kwalbar rini a hannu. Na kuma gane cewa masu ɓata ruwa ba kasafai suke miyagu ba. Da yawansu wani abin kirki suke ƙoƙarin karewa, ba wanda ya taɓa nuna musu inda kwatarsu ke ƙarewa. Shi ya sa har yau in na ɗaga murfi na ga mai ya daskare, kafin in zaro takarda nakan tambayi wa ke girki a nan, su wa kuma yake ciyarwa.

Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. Da na je Manchester gaisuwa, na leƙa tsakar gidan zauren. Tukunyar Laraba na kan wuta. A jikin ragar nan kuwa har yanzu akwai hoton kifi da ta sa aka zana da fenti, ya ɗan koɗe, da rubutu da Hausa da Turanci: Nan kogi ya fara. Wani mutum na tsugune yana sabunta fentin, da ya ɗago na ga Azad ne.